Mashigin Kanwa

Babur ya sauke ni a Koza, kasuwa ba ta ci ba tukuna.
Hawadak na zaune bisa kifaffen turmi,
ya dubi takalmina sabo ful, ya dubi tumbina,
ya ce, da Hausar da ya tsinto a Mubi:
"Kai ne ɗan Ilu mai kanwa? Ƙafarsa dai bai bar maka ba."

Muka bar hanyar mota, muka bar jar ƙasa,
turba ta tsuke, ta koma faɗin tafi biyu.
Gonaki hawa-hawa, kowacce da katangar duwatsu,
wata ba ta fi buzun salla ba,
amma dawa ta tsaya cikinta har ta fid da kai.
Na ce, wa ya jera duk wannan?
Ya ce, wanda ya ji yunwa.

Hantsi ya dubi ludayi, ni ina duban gwiwata.
Ƙirjina zugazugin maƙera.
Wata tsohuwa ta wuce mu da tulu a ka, tana saƙa igiya,
ko haki ba ta yi,
ta faɗi wata kalma, Hawadak ya ƙi fassarawa.

A gindin baure na zauna ba da shawara ba.
Rema uku bisa falalen dutse suna kallona
kallon masu gida ga baƙon da bai yi sallama ba.
Wayata ta daina neman kowa.
Daga wani ɗaki mai tsinin jinka
sa ya yi kuka cikin duhu, can ƙasa,
kamar dutsen ne ke gyaran murya.

Baba, kai ka ce mana mashigin nan ƙofar sama ce.
Da dare a Marwa, kana murza dugaduganka da man shanu,
ka ce gajimare na bi ta ƙarƙashin jakinka,
ka ce iska a can tana kiran mutum da sunan yanka.
Muka yi dariya a ɓoye.
Shekara talatin da ɗaya kana hawa,
mu muna cin tuwon, muna raina labarin.

Bayan azahar muka kai.
Ashe tsaga ce kawai tsakanin duwatsu biyu,
daidai jaki da mangalarsa, in ya yi haƙuri.
Ba alama, ba rubutu.
Kashin awaki, da iska mai sanyin randa.
Na ce, shi ke nan?
Hawadak bai tanka ba, ya nuna da haɓa.

Akuya ce, baƙa, ta kafa ƙafafun gaba a jikin dutsen
tana lasa, tana lumshe ido.
Inda take lasa ya yi santsi, ya yi fari-fari,
daidai tsayin kwiɓin jaki.
"Nan buhunansa ke gogawa," in ji shi,
"hagu in zai tafi. In zai dawo ba ya taɓawa, kaya sun ƙare.
Damina goma sha biyu ba ta wanke ba.
Ko ta wanke, su ba su yarda ba."

Na jira akuyar ta gama, don ta riga ni.
Na dafa dutsen, na duba ko yana kallo,
yana can yana gyara sandarsa da gangan.
Na sa harshe.

Ban sani ba ko kanwa ce, ko gumin fuskata.

Ta ɗaya gefen ƙasa ta buɗe har inda ido ya gaji,
hayaƙin girki na tashi daga ƙauyukan da ban san sunansu ba,
su kuwa sun san naka.
Gajimare bai zo ba ranar, Baba, ba zan ƙara maka gishiri ba.
Iskar ma ba ta kira ni ba.

Hawadak ya ce mu sauka, gangara ta fi hawa cin gwiwa,
kuma yana da wake a shanya.